Bargon Ƙyallaye Na Inna

Asabar, 22 ga Yuni, 2024

Kwana shida ke nan da Babbar Sallah, sai yau Allah ya ba ni ikon share shago. Shagon nawa ɗakin zauren gidanmu ne a nan Tudun Wadar Kaduna: keken ƙafa ɗaya, na lantarki ɗaya, teburin yanka, sai bencin masu jira. Duk wadda ta taɓa ɗinkin Sallah ta san yadda ƙarƙashin tebur ke komawa bayan an gama. Ni da yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina sai da muka cika jakar bakko uku da ƙyallaye.

Manyan guntaye ba su dame ni ba. Su ina naɗewa in saka wa mai kaya a ledarta, wata ta yi wa 'yarta ɗankwali, wata ta ajiye don faci. Abin da ya tsaya mini a rai siraran nan ne da almakashi ke zubarwa in ana daidaita gefen zane ko ana fitar da siket. Tsawo ya kai kamu ɗaya, wani har biyu, amma faɗi bai wuce yatsa biyu ko uku ba. Ba su isa aljihu ba, ba su isa wuyan riga ba. Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki, ƙarshensu bai wuce masu cusa matashin kai su zo su kwasa, ko a hura gawayi da su, ko yara su kai bola. Na bolar kuwa ruwan sama ne ke kwaso su ya dawo mana da su cikin kwata, ga shi damina ta kankama.

Da na ɗaga jaka ɗaya na ji nauyinta, sai raina ya sosu. Atamfa ta yi tsadar da mace sai ta ɗauki adashi kafin ta sayi turmi, ni kuma ina nan ina zubar da ita buhu-buhu.

Na ɗaura niyyar haɗa wa Inna bargo da su kafin hunturu. Tana Rigasa wurin Yaya, tana kwana da jikoki biyu a katifa shida da shida, bargon da suke rufa da shi kuma ya mutu tun bara. Na fara tun yanzu ne don ba a fafe gora ranar tafiya.

Asabar, 29 ga Yuni

Gwajin farko bai yi ba. Na ɗauki ziri goma sha biyu na haɗa su gefe da gefe, kai tsaye, kamar yadda ake haɗa fallen zane. Kafin in kai na takwas abin ya lanƙwashe kamar lauje. Na goge, na yayyafa ruwa na sake gogewa, ya ƙi kwanciya.

Da na zauna na duba sai na gane dalili. Yadi yana da zaren tsaye da na kwance. In an yanka bisa zaren ba ya miƙewa, in an yanka a karkace kuwa, ja kaɗan sai ya ƙaru. Rabin ƙyallayena daga gefen siket mai baza suka fito, duk a karkace suke. Ga shi kuma haƙoran keke sun fi jan na ƙasa fiye da na sama. In ka yi ta ɗinki daga gefe guda, wannan ɗan bambancin ne ke taruwa har ya zama lauje.

Ƙanwata ta nuna mini a wayarta yadda matan Amurka ke yi da irin waɗannan. Suna yanka takarda ko wani yadi mai kusurwa huɗu su shimfiɗa a ƙasa, su riƙa ɗinka siraran a kai ɗaya bayan ɗaya, na ƙasan shi ke riƙe su kada su miƙe. Ta kuma nuna mini barguna na wasu baƙaƙen mata na wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, waɗanda suka yi suna da haɗa bargo daga tsofaffin kayan aikin gona. Na daɗe ina kallonsu. Ba su damu layi ya miƙe sak ba, amma abin ya zauna a ido.

Takardar jarida dai ba zan yi da ita ba. Da wuya ka buɗe shafi ba ka ga sunan Allah ko na Annabi a cikin sunan wani ba, ba zan bi ta kai da allura in yayyage in zubar ba. Na je wajen 'yan gwanjo na Kasuwar Barci na samo tsofaffin fararen zannuwan gado biyu, na auduga, waɗanda suka sha wanki har suka yi laushi. Su za su zama shafi.

Lissafin da na yi a bayan littafin awo: kowane yanki inci 8 tsawo, 8 faɗi. Ɗinki zai ci kwatan inci ta kowane gefe, saura 7 da rabi. In na jera 12 a tsaye 12 a kwance, bargo zai ba da inci 90 ta kowane ɓangare. Katifar inci 72 ce, ke nan inci 9 zai sauko ta ko'ina. Yanki 144 nake nema. Na sa musu suna gidaje, kamar na dara.

Lahadi, 7 ga Yuli

Yinin yau a wanki ya tafi. Wannan matakin ba a tsallake shi. Sabuwar atamfa tana tsukewa a wankin farko, zanen gwanjo kuwa ya gama tsukewarsa tuntuni. In aka haɗa su ba wanki, ranar da aka jiƙa bargon zai tattare. Na zuba ƙyallayen a tsohuwar rigar matashi na ɗaure baki, don in ba haka ba sai su harɗe su zama dunƙule guda.

Ja da ruwan hoda mai duhu na jiƙa su daban, kuma gara da na yi hakan. Wata jar atamfa ta zuba har ruwa na huɗu yana fita kamar zoɓo. Na fitar da ita gaba ɗaya. Leshi da duk wani yadi mai santsi ma na ware, ba sa ɗaukar guga daidai da auduga. Abin da ya rage atamfa ce da shadda da ɗan yadin maza.

Ina shanya ina karanta bakin zane, inda kamfani ke buga sunansa, tunda siraran da yawa daga nan aka yanke su. Na ga Vlisco, wadda muke ce wa Holan, ziri biyar ko shida, duk daga lefen amarya ɗaya. Na ga Uniwax ta Abijan, ita ce Kodebuwa. Shaddar Getzner daga Ostiriya take, ita ko ba rubutu hannu ya santa. Sauran kusan duk 'yan Chaina ne. A jaka uku ban ci karo da ko ɗaya da aka buga a Kaduna ba. Garin da tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, daga baya UNTL da Arewa da sauransu suka biyo, har ake kawo auduga daga su Funtua da Gusau ana saƙawa a nan. KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka bi sahu. Baba, Allah ya ji ƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki, kuma da guntayen yadin da yakan shigo da su gida na fara koyon riƙe allura, ina ɗinka wa 'yartsana zane. Yau na tuna shi ƙwarai.

Asabar, 13 ga Yuli

Gida tara. Yadda nake yi: in shimfiɗa farin shafi, in ɗora ziri ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa fuskarsa sama, in kifa na biyu a kansa, in ɗinke gefe, in buɗe in goge. Haka har in kai ƙarshen kusurwa, sannan in juya in cike ɗaya ɓangaren. Gida ɗaya yana cin ziri bakwai zuwa tara. Dogaye a tsakiya, gajeru a kusurwa, don haka ko ɗan guntun da bai wuce yatsa ba yana da wurin zama.

Amma da na jera taran a ƙasa sai na ga hayaniya kawai, ido ya rasa inda zai sauka. Na yanke shawarar zirin tsakiya ya zama launi ɗaya a duk gidajen. Daga kusurwa zuwa kusurwa inci 11 ne da ɗoriya, sai in yanka 12, faɗi inci ɗaya da rabi. Gida 144 ba za su ci yadi biyu cikakku ba. Na sayo yadi biyu na shuɗi mai duhu a Kasuwar Sheikh Gumi. Taran farko za su zama rigar matashi.

Duk zirin da bai kai inci ɗaya ba na daina wahala da shi, ɗinki ke cinye rabinsa. Na ware musu jakarsu.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na dakatar da aikin kwana huɗu, kuma ba keke ne ya lalace ba.

Ranar Laraba ina ɗinki yarinyar nan ta ɗauki wani ziri ta ce, "Anti, wannan ai na Maman 'yan biyu ne, ko?" Na ce nata ne. Ta ce, "Ta san za a sa a bargo?" Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta kwana tare da ni. Matar da ta koya mini ɗinki, ranar da na fara zuwa wurinta, kafin ta nuna mini yadda ake zura zare sai da ta ba ni labarin telan nan da ya yi mafarki an tashi ƙiyama, aka ɗaga wata ƙatuwar tuta da aka haɗa da duk ƙyallayen mutane da ya taɓa ci. Ta ce abin da ke zubar da mutuncin tela biyu ne, saɓa alkawari da cin yadi. Shi ya sa ban taɓa riƙe babban guntu ba. Siraran nan kuwa ban taɓa ɗaukarsu a bakin dukiya ba, saboda shara suke tafiya. To amma yanzu da za su zama bargo, ai sun tashi daga shara.

Yau bayan an tashi Islamiyya na tsaya na tambayi malamarmu. Ta saurare ni har na gama. Ta ce abin da mai shi ya san ana zubarwa kuma ba ya waiwayarsa, al'amarinsa da sauƙi. "Amma dukiyar mutum da daɗin ransa take halatta. Ke kuma ga baki, ga waya. Me zai hana ki tambaya, ki kwanta da zuciya ɗaya?" Waɗanda na kasa tuna masu su, ta ce in ƙiyasta in yi 'yar sadaka da niyyar ladan ya je musu.

Na dawo na buɗe littafin awo na bi shi tun daga azumi. Mata ashirin da uku na lissafa. Tela ba ta manta zane. Ina ɗaga ziri nake ganin fuskar mai shi da ɗinkin da na yi mata. Daga yau kuma duk wadda ta kawo ɗinki, wurin awo zan tambaye ta, in ta yarda in sa alama a gefen sunanta.

Talata, 6 ga Agusta

Tun jiya aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya saboda abin da ya biyo bayan zanga-zanga. Allah ya zaunar mana da ƙasa lafiya. Ba mai kawo ɗinki, ba mai karɓa, yara na cikin gida. Na jawo keken ƙafa tsakar gida na yi ta yi, babbar 'yata na guga, ƙaramar na miƙo mini ziri. Ita ke zaɓa, kuma idonta ya fi nawa ƙarfin hali: sai ta haɗa ruwan lemo da ruwan hoda, in ce ba zai yi ba, in an buɗe kuma ya yi. Jiya da yau gida goma sha bakwai. Jimla 52.

Cikin mata 23, goma sha tara sun amsa. Yawancinsu dariya suka yi. Wata ta ce, "Haba Maman yara, a kan wannan kika ƙona katinki? Na yafe duniya da lahira." Wata ta ce in an gama tana son ta zo ta nemo nata a ciki. Uku wayarsu ba ta shiga, na ware nasu a leda. Saura Hajiya ta Unguwar Sanusi, ta tafi Zariya wurin 'yarta da ta haihu.

Asabar, 24 ga Agusta

Hajiya ta dawo, ta zo da kanta da ɗinkin jikarta. Bayan mun gaisa na yi mata barka, na kawo mata ruwa, sai na ɗauko gida ɗaya na nuna mata, na faɗa mata abin da nake yi. Koriyar atamfarta mai zanen ganye na ciki, kusa da shuɗin tsakiya.

Ta karɓa ta juya shi, ta yaba aikin. Sannan ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Wallahi ba zarginki nake ba, shekara nawa kina mini ɗinki. Ni dai ba na son ƙyallen kayan jikina ya kwana a wani gida. Haka na taso."

Na ce, "Hajiya, ba komai, naki ne. Ni ce da laifi da na sa kafin in ji daga bakinki."

Kuma gaskiya laifina ne. Na ga mutum goma sha tara sun yarda, sai na ɗauka ta ashirin ma haka, na ci gaba da sa nata ina jiran dawowarta. Na san abin da take gudu ko ba ta faɗa ba. Akwai manya da yawa da ba sa wasa da gashin kansu da farcensu da ƙyallen tufafinsu, saboda tsoron sammu. Ni ban sa wannan a raina ba, amma ba a kan abin da na yarda da shi ake magana ba. Da dalili ko ba dalili, kuɗinta ta sa ta saya. In tambayar tawa ba ta da wurin "a'a", to ba tambaya na yi ba, sanarwa ce.

Na zazzage gidajen duka na bi su ɗaya-ɗaya. Koriyar ta shiga goma sha ɗaya. A huɗu tana kusurwa, cirewa ba wuya. A bakwai kuwa tana can ciki, kuma a irin wannan ɗinkin kowane ziri shi ke danne bakin wanda ya riga shi, sai ka warware duk na bayansa kafin ka kai gare shi. Dare uku na yi da reza da fitilar waya. Shafi biyu sun yage, na sake yanka wasu. Na haɗa nata duka, har waɗanda ban kai ga ɗinkawa ba, na goge na naɗe a leda na aika mata. Ta aiko da godiya da ƙosai na sadakar Juma'a.

Jimla ta koma 61 bayan gyara.

Lahadi, 15 ga Satumba

An koma makaranta, ɗinkin yunifom da hijabai ya sha kaina. Mako uku gida shida kawai na ƙara. Jaka ɗaya da na jingina da bango ta ja danshi, na ƙasan sun fara fumfuna. Na sake wankewa na shanya a ɗaki, na mayar da sauran kan kabad.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na je Rigasa da gida huɗu a jaka. Da na so in ɓoye har a gama, amma ina son in ji ko nauyin zai yi mata. Na shimfiɗa su a kan tabarma, na juya kowanne yadda shuɗin zai haɗu da na kusa da shi ya zagayo, ya ba da kusurwa huɗu tsaye a kan tsini. Inna ta sa tabarau ta sunkuya. Ta ce ya so ya yi kama da dagi.

Na fara ba ta labarin matan Amurka, sai ta katse ni. "Ke 'yar nan, wa ya gaya miki haɗa siriri da siriri baƙon abu ne? Da can duk tufar da namiji ya saƙa ai siririya ce." Ta ce masaƙa maza ƙwarya-ƙwarya suke fitarwa, mai faɗin tafin hannu ko ƙasa da haka, sai a bi da allura a haɗa gefe da gefe har ya zama zane ko riga. Babbar rigar saƙi ta kakanmu haka aka yi ta. Gwado da luru da ake rufa da su lokacin ɗari, su ma haɗi ne. Ta ce turkuɗin da ake rinawa a Kura, wanda Buzaye ke saye su yi rawani, zirinsa bai kai faɗin yatsa biyu ba, a haɗa da yawa a rina a buga har ya riƙa walƙiya. Na san waɗannan sunayen, amma ban taɓa haɗa su da abin da nake yi ba sai da ta faɗa.

Sai kuma ta shiga nuna ƙyallaye da yatsa. Wannan ankon bikin 'yar Kawu ne. Wannan irin wanda matar Yaya ta sa ranar suna. Wannan ruwan ƙasan ta ce irin zanen da ta fita da shi takaba ne, ta yi shiru kaɗan, ta ce in bar shi a ciki. Game da nauyi ta ce kada in cika, ƙashinta ba ya son abu mai danne mutum, kuma a tuna da mai wanki.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kusan mako guda ke nan babu wuta, kuma ba mu kaɗai ba, yawancin Arewa ne, an ce manyan layukan da ke kawo ta ne suka samu matsala. Keken lantarki na rufe da zane. Na ƙafa kuwa ko a jikinsa, ɗan mai kawai yake nema. Guga ce matsala, don wannan aikin kowane ziri sai an goge kafin a ɗora na gaba. Na ɗauko dutsen guga na gawayi. Ya fi na lantarki nauyi, yana kwantar da ɗinki sosai, sai dai tartsatsi. Ɗaya ya faɗo ya huda mini gida a kan wata shadda ruwan toka, na ɗora siririn ziri a kai na bi da ɗinki, ya ɓace cikin 'yan'uwansa.

Dabarar da ta rage mini wahala: ina jera gida goma a lokaci guda. In ɗinka wa kowanne ziri ɗaya ba tare da na yanke zare ba, su fito a jere kamar jerin gwano, sannan in goge su gaba ɗaya. Gawayi ya ragu, zare ma haka. Jimla 118.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi, 144 sun cika daren jiya.

Na yanka kwali mai kauri inci 8 da 8, na riƙa kifa kowane gida ina zagayewa da alli ina datse abin da ya yi saura. A nan na ga amfanin shafin: wasu sun tsuke da kusan kwatan inci saboda yawan ɗinki, amma ba wanda ya karkace. Da zan sake, zan yanka shafin 8 da rabi in datse daga baya.

Da rana muka share tsakar gida muka shimfiɗa tabarmi muka jera su duka. Sai da na hau kujera na hango daga sama na ga jajayen sun taru a gefe guda, farare a wani. Muka yi ta musanya har la'asar. Iska ta fara sauyawa, leɓe ya fara bushewa. Kafin in kwashe na rubuta lamba a bayan kowane gida da fensir, layi na kaza gida na kaza.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Haɗawa ta fi yin gidajen wuya. Inda kusurwa huɗu suka gamu, shuɗi huɗu da shafi huɗu da ninkinsu duk a wuri ɗaya suke. Allura lamba 14 biyu na karya a layin farko. Na koma lamba 16, na ƙara tsawon ɗinki, in na zo gaɓar sai in saki feda in juya da hannu. Kowane ɗinki ina buɗe bakinsa biyu in goge, maimakon in kwantar da shi gefe guda. Wuraren da suka yi tauri sosai na ɗora a kan turmi da aka kifa na ɗan bubbuga da muciya, kamar yadda mabuga ke yi wa shadda, suka kwanta.

Ban haɗa layi bayan layi har goma sha biyu ba, na tuna da lauje. Na yi huɗu-huɗu, sannan na haɗa su suka zama manyan ɓangarori huɗu, na gama da dogayen ɗinki. Akwai gaɓa biyar ko shida da shuɗin bai gamu daidai ba. Biyu na warware, sauran na bari, sai mai nema zai gani.

Lahadi, 8 ga Disamba

Bayan bargon turmin atamfa ne da Yaya ya saya, ya ce shi ma a sa hannunsa a ciki. Yadi shida, na raba biyu na haɗa ta tsawo. Da na cire bakin zane faɗin ya gaza kaɗan, sai na haɗa wani dogon ziri mai faɗin inci 6 daga ragowar ƙyallaye na ratsa shi a tsakiya. Ya zama kamar da gangan aka yi. A tsakani na sa wani bargon gwanjo marar nauyi, saboda maganar Inna.

Wannan girman ba zai shiga hammatar keke ba, don haka ɗauri muka yi. Na kira gayya: ƙanwata, matar Yaya, maƙwabciyata, da yarinyar shago. Muka shimfiɗa bayan a ƙasa fuskarsa na kallon tabarma, muka ja shi ya miƙe muka danne gefuna da duwatsu, muka ɗora na tsakiya, sannan na sama. Kowa da babbar allura da zare mai kauri. A kowace gaɓa da tsakiyar kowane gida a soka a fito, a ƙulla sau biyu, a yanke a bar ɗan gashi. Daga tsakiya muka fara muna yin waje, don kada ya tara iska a ciki. Na dafa mana shinkafa da wake. Maƙwabciyata ta gano atamfarta a wuri tara, tana ƙirgawa da ƙarfi. Kafin magariba mun gama, yatsun kowa sun yi ja.

Lahadi, 22 ga Disamba

Saura baki. Zagayen bargon inci 360 ne, yadi goma cif. Na haɗa ziri masu faɗin inci biyu da rabi har suka kai, na ninka biyu na goge, na ɗinka ta gaba da keke, ina juyawa baya ina kalmashewa da hannu. Gefe uku na gama ranar Alhamis.

Ranar Juma'a Yaya ya biyo ta shago ya ce sanyin asuba ya hana Inna barci, tari ya taso mata. Na ce saura gefe ɗaya. Ya ce a haka ma ya yi. Na kama na huɗun da fil na naɗe na ba shi ya ɗaure a bayan babur.

Yau na bi shi Rigasa da allura da zare. Na tarar an shanya shi a kan igiya yana shan hantsi, yaran maƙwabta sun kewaye shi kowa na nuna wanda ya fi so. Inna ta ce ta cire fil ɗin tun daren farko saboda jikoki, kuma tarin ya yi sauƙi. Na zauna a bakin gadonta na ɗora shi a cinya na ƙarasa kalmasar, tana riƙe mini ɗaya gefen kada ya ja ƙasa.

A gida jaka ɗaya da rabi ta rage, yawanci waɗanda ba su kai inci ɗaya ba. Inna ta ce in kawo mata su, za ta riƙa kitsa su uku-uku tana yin igiya, in ta yi tsawo a naɗe a ɗinke ya zama abin taka ƙafa a bakin ƙofa. Ledar mata ukun nan da ban samu ba tana nan a kan kabad. Ɗaya an ce ta koma Kawo, na sa a nemo mini sabuwar lambarta.